Tsarabar da Na Kai wa Agwagin Turai

A duk makarantarmu madubin hangen nesa guda ɗaya ne tak, kuma na tabbata ya girmi shugaban makarantar. Baƙi ne mai ido biyu, da igiyar fata da ta sha gumin wuyan mutane har ta koma kamar kilishi. Malamin Bayoloji ke riƙe da shi. Yana ajiye shi a cikin safa, safar a cikin gwangwanin madara, gwangwanin a cikin kabad, mabuɗin kabad ɗin kuma ɗaure a ƙugunsa. Ya taɓa mance ɗansa na cikinsa a ofishin malamai ya tafi gida, sai masinja ne ya bi shi da yaron a keke. Amma madubin nan, ko bayi zai shiga sai ya shafa mabuɗi ya ji yana nan.

Ni dai ba son tsuntsu ne ya kai ni ƙungiyar masu kallon tsuntsaye ba. Ranar Laraba da yamma ake yankan ciyawa a makaranta, kowa da langalangarsa. Su kuwa 'yan ƙungiya suna zaune ƙarƙashin itatuwan turare, baki buɗe, suna kallon sama. Na dubi langalanga, na dubi masu buɗe baki, na ga aikin nan na biyu Allah ya hore mini shi tun haihuwa. Na shiga.

Ina aji huɗu a lokacin. Da damina ta ɗauke, ciyawa ta fara ja, sanyin Jos ya fara leƙo kai da safe, sai Malam ya ce ranar Asabar za mu je gandun dajin da ke bayan gari, inda akwai babban tafki. Ya ce a irin wannan lokacin shamuwa ke tattara nata ya nata ta bar mana gari, wasu agwagi kuma su iso daga ƙasar Turawa, gudun sanyin can. Shekara uku yana rubuta wa shugaban makaranta takarda kafin a ba shi mota. Shekara uku kuma yana nuna mana agwagin a littafi, hoton ya koɗe har ba ka bambance agwagwa da tabon shayi.

Sannan ya faɗi maganar da ta hana ni sukuni. Duk wanda ya rubuta irin tsuntsaye mafi yawa a littafinsa, mai gadin dajin kuma ya shaida ya gan su, shi zai tafi da madubi gida, ya riƙe har ƙarshen hutun Kirsimeti. Iri ake ƙirgawa, ba kai ba. Ko kurciya dubu ka gani, layi ɗaya ce.

Kafin magariba duk unguwarmu ta Abatuwa ta san madubi zai zo gidanmu. Ban ce wataƙila ba, ban ce in Allah ya so ba. Akwai wani dutse a bayan unguwa, in ka hau ƙololuwarsa kana hango rabin filin ƙwallo, 'yan wasa kamar kiyashi a faranti. Babban wasa kuma yana tafe cikin hutun. Na tsara layi, wane zai duba bayan wane. Mutum goma sha bakwai, har da mai shayin bakin titi, mutumin da ya yi jika. Wasu suka fara ce mini Oga.

Matsalata ɗaya ce, kuma a layin gaba take zama. Wata yarinya ce 'yar ajinmu, iyayenta manoman dankali a wani ƙauye can saman tudu, ita kuma tana zaune wurin gwaggonta a Laranto. 'Yar dankali nake ce mata, ita kuma ta ce mini ɗan kwata. Ba ta da surutu. Amma in tsuntsu ya yi tari a bayan dutse, za ta gaya maka sunansa da harshensu, da Hausa, da Turanci, ta ƙara maka da abin da ya ci da safe. Ni kuwa tsuntsayen da na sani ba su wuce goma ba, rabinsu a tukunya muka saba.

Sai dai ina da abin da ba ta da shi. Ni ɗan mahauci ne. A kwata, in an gama fiɗa da hantsi, akwai wasan da muke yi. Ka yanki 'yar tsokar huhu, ka yi fito, ka cilla sama. Kafin ta faɗo shirwa ta cafe. Hankaka na jiran wadda ta kuɓuce, balbela na bin ƙudajen da suka biyo jini, ungulu kuma na kan rufin kwano ta rataya wuya kamar wanda ya zo ɗaurin aure ba a gayyace shi ba. Jifa ɗaya, iri huɗu. Ban taɓa ganin tsuntsun da aka nuna wa nama ya ce ya ƙoshi ba. Na ce in a tsakiyar gari ana samun huɗu, a daji ai sai hannu ya gaji da rubutu. Su je su zauna su jira tsuntsu ya ga dama. Ni kiran su zan yi.

Ran Juma'a bayan la'asar na sami Baba a rumfarsa yana wasa wuƙa. Na durƙusa, na zayyana masa komai.

"Daga ina ka ce agwagin?"

"Daga Turai, Baba."

"A jirgi?"

"Da fiffikensu."

Ya ajiye wuƙar. "Wata nawa a hanya?"

Ban sani ba, sai na ce uku.

"Wata uku. Kuma ku cika mota ku je wa baƙo hannu rabbana, ku zuba masa ido, ku dawo." Ya juya wurin maƙwabcinsa mai sayar da ƙafar sa. "Kana ji, Alhaji? Abin da ake koya musu ke nan."

"Boko ke nan," in ji mai ƙafar sa, ko ɗagowa bai yi ba.

A gidanmu ba a zuwa gaisuwa ba ƙunshi. Ko asibiti Baba zai je duba wanda likita ya hana nama, sai ya riƙa masa hanta, ya ce matarsa ta ci a madadinsa. Ya jawo ragowar ranar: huhu guda, kitse, tumbi, da hanji mai tsawon da za a iya shanya kaya a kai. Ya yayyanka wasu daidai bakin agwagwa, yana yi yana gwada girman bakin da yatsu biyu. Hanjin ya bar shi da tsawonsa, ya ce su ja su raba da kansu. Ya zuba a leda ya ƙulle.

"Ka ce wa malaminku in ji ni, wannan ba na mutane ba ne. In yana son nasa ya zo da ƙafarsa."

Ban gaya wa Malam ba, don kada ya ce a raba da 'yar dankali. Leda uku na sa, ɗaya cikin ɗaya, na tura ƙasan jakar makaranta, na ɗora littafin rubutu a kai. Na dogara da sanyin Jos ya riƙe mini naman zuwa safe. Sanyin ya yi iya ƙoƙarinsa, tumbi ne ya fi ƙarfinsa.

Ƙarfe shida muka haɗu a Taminus, tsakiyar gari. Tun da babbar kasuwa ta ƙone a kan titi 'yan kasuwa ke baza kaya, don haka sai da direba ya yi cacar baki da mai gwanjo da mai bokitai kafin motar ta sami hanya. Mu goma sha huɗu ne, Malam na gaba, gwangwanin madara a kan cinyarsa. Ba mu wuce gidan mai na biyu ba direba ya fara jan hanci.

"Wa ya taka mushe?"

Kowa ya duba takalminsa. Ni ma na duba nawa, har na fi kowa dubawa.

"Oga direba, ina jin salansarka ce," na ce.

"Shekara ashirin ina tuƙi, salansa ba ta taɓa warin hanji ba."

'Yar dankali na kusa da taga. Ta juyo ta dubi jakata, ta dube ni. "Ɗan kwata, me ka ɗauko?"

"Biro da littafi, kamar kowa."

"To littafinka ya mutu," ta ce, ta buɗe taga.

A ƙofar gandun mai gadi na jiran mu. Dattijo ne gajere, da kakin da ya koɗe da dogon takalmin roba. Ɗan ƙauyen da ke gefen dajin ne, da can maharbi, yanzu shi ke kama maharba. Hausarsa irin ta mutanen tudu ce, mace da namiji duk "ka" yake ce musu. Ya jera mu, ya karanta mana doka.

"Ba magana. Ba nuna hannu, ka nuna da baki. Ba gudu. Mai jan riga, ka rufe shi da suwaita. Ba abinci a bakin ruwa."

Na ce a raina, ai Babana ya riga ya faɗa, nawa ba na mutane ba ne.

Muka bi shi ɗaya bayan ɗaya a wata 'yar siririyar hanya, raɓa ta jiƙa mana wando har gwiwa. Jajayen birai na kan duwatsu suna shan hantsi, suna kallon mu kamar su suka hau mota don su zo ganin mu. Wani guza ya tsallaka hanya a gabanmu ba ko sauri. A ƙarshen hanyar akwai bukkar zana, an tsaga bangonta tsaga ɗaya doguwa daidai ido. Muka shiga muka zauna a benci, kowa ya manna fuska.

Tafkin yana tururi kamar an ɗora shi a murhu. Da tururin ya janye sai ga ruwa cike da kawuna. Kirinjijiya ba adadi, fuska fara kamar sun yi hoda, suna ta fito ba wanda ke sauraron wani. Zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya ya ƙura wa ruwa ido kamar ɗan sanda mai jiran motar da ba ta da takardu. Dinya biyu manya na yawo a gefe, ba sa kula kowa. Wani mai dogayen yatsu yana takawa a kan ganyen bado bai nutse ba, sai ka ce tsakar gidan ubansa. Wani ɗan shuɗi ya faɗo daga reshe, ya soki ruwa, ya koma da kifi a baki kafin in gama buɗe biro.

Baba mai gadi ya turo leɓe ya nuna can tsakiya. Malam ya buɗe gwangwani, ya zare safa. Ya daɗe yana murza madubin.

"Su ne," ya ce da raɗa, kamar wanda aka yi wa albishir ɗin haihuwa.

Madubi ya fara zagawa, kowa minti ɗaya, Malam na riƙe da igiyar. Da ya iso kaina na duba. Na zaci farare zan gani, masu dogon hanci. Ashe 'yan ƙanana ne, ruwan ƙasa, ko tukunyar gwauro ba za su cika ba. Baba mai gadi ya raɗa cewa sai wajen bazara, in sun kusa komawa, namijin ke fitar da farar gira. Suna ta tsoma baki a ruwa suna tsotsar abin da ban ga alamarsa ba. Wata uku a hanya, a zo a ƙare da tsotsar ruwan laka. Ni na ƙirƙiro wata ukun, amma zuwa lokacin na yarda da shi sosai. Tausayi ya kama ni. Na leƙa littafin 'yar dankali kuma, na ga ta juya shafi. Ni layi shida gare ni a bayan hannuna, don ban isa in buɗe jaka a cikin bukkar nan ba.

Na raɗa wa Malam zan zaga. Ya kaɗa hannu, idonsa na kan ruwa.

Na sulale ta bayan bukka, na bi gefen ciyawa har wani shimfiɗaɗɗen dutse da ya kutsa cikin ruwa. Na kwance leda ta farko, ta biyu, ta uku. Warin da ya fito ni kaina ɗan gida sai da na ja da baya. Na ɗibi huhu na watsa wajen agwagin. Ya faɗa ruwa, ya yi ta iyo abinsa. Wata agwagwa ta dube shi, ta juya masa baya. Na ce kunya ce ta baƙunta. Na ƙara da kitse. Shiru. Sai na tuna ban yi fito ba, kuma a kwata ba a jifa ba fito. Na sa yatsu biyu a baki na yi irin namu, wanda ke tada bijimi daga kwance, na cilla tumbi sama iya ƙarfina.

Bai faɗo ba.

Na rantse minti ɗaya kafin nan ko shirwa ɗaya babu a sararin nan. Ban san inda suka ɓuya ba, ko motarmu suka biyo daga Abatuwa. Ɗaya ta cafe tumbin, biyu suka bi ta, kafin in ƙifta ido sama ta yi baƙi. Hankaki suka zo da nasu ihun. Na fara murna, ina ƙirga iri, sai na ji wani irin ƙara a bayana kamar an yaye rufin kwanon unguwa guda. Tafkin ne ya tashi. Kirinjijiya, dinya, agwagin Turai, mai dogayen yatsu, kowa ya bi iska. Zalɓe ne na ƙarshe, ya naɗe wuya ya tafi a hankali, yana wani kuka kamar mai Allah ya isa. Ruwan ya koma fili fetal, ba kowa a kai sai huhun Babana.

Shirwa ba ta san an gama biki ba. Wata ta fizgi ledar daga hannuna, ledar ta yage, kaya suka watsu a kan dutse. Biyu suka kama hanjin, kowace da gefenta, suka tashi da shi suna ja, daidai yadda Babana ya tsara. A saman bukka ya tsinke. Rabi ya sauka a kan jinka, rabi kuma a kafaɗar Malam, wanda ya fito a daidai lokacin da madubi a hannu. Birai suka gangaro daga duwatsu don jin abin da ake rabawa.

Malam bai yi ihu ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya tsaya da hanji a kafaɗa kamar rawanin da ya warware, ya dubi ruwa, ya dube ni.

"Minti huɗu," ya ce. "Shekara uku ina rubuta takarda. Minti huɗu na gan su."

"Sa, tsaraba ce. Babana ya ce..."

"Kada ka sa mahaifinka a ciki."

"Shi ya yanka, Sa."

Baba mai gadi ya zo ya tsaya a gabana, ya sa sanda ya juya wani guntun tumbi. "Ɗan wa ne wannan?"

"Ɗan mahauci ne, Baba," 'yan ajinmu suka amsa baki ɗaya, munafukai.

"Na ji warinsa tun daga ƙofa. Na ce ko rashin wanka ne, ban so in ba shi kunya."

Tunda an riga an lalace, na ga gara in tsira da wani abu. Na ce, "Baba, ka dai shaida shirwa da hankaka. Iri biyu ke nan."

"Na shaida."

"Biri fa?"

"Biri yana da fiffike a gidanku?"

'Yar dankali ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na girgiza. Ta rubuta shirwa da hankaka a nata littafin ita ma, ko na gode babu.

Aka yanke hukunci a tsaye. Malam zai ja sauran su hau tudu su nemi tsuntsayen duwatsu. Ni zan zauna in tsince kowane guntun nama, na tudu da na ruwa, in haƙa rami in binne, don Baba mai gadi ya ce in ya kwana a nan dila da karnukan ƙauye za su koyi hanya, su dawo su cinye ƙwan masu sheƙa a ciyawa. Na naɗe wando na shiga ruwan. Sanyinsa ya hau ta ƙafata ya fito ta haƙorana. Huhu kuwa ba ya nutsewa kuma ba ya tsayawa, kana miƙa hannu yana matsawa. Sai da na bi wani guntu har ruwa ya kai mini cibiya, Baba mai gadi na zaune a kan dutse yana nuna mini saura da leɓe.

Da na binne na ƙarshe na ɗauki jaka zan bi sauran.

"Ina za ka?"

"Tudu, Baba. Ana ƙirga iri."

"Zauna. Kai ka kore su, kai za ka jira su."

"In ba su dawo ba fa?"

"Kana da bargo?"

Na zauna kusa da shi cikin ciyawa, a gindin dutsen. Tun da aka haife ni ban taɓa rufe baki na minti goma ba sai ina barci, a barcin ma an ce ina magana. Duk sanda na buɗe baki sai ya ɗora mini sanda a gwiwa. Rana ta ɗago. Wandona ya bushe a jikina. Tururuwa ta hau ƙafata ta dama, ta zaga, ta sauka ta hagu. Shirwa suka gaji da shawagi suka watse, ban da ɗaya da ta zauna a reshe tana kallona kamar ta gane ni.

Can ya yi magana, ƙasa ƙasa, bai dube ni ba. Ya ce agwagin nan irin ciyawa suke ci, da 'yan ƙwarin ruwa waɗanda ido ba ya kamawa. Ya ce shekarun da yake harbi ya buɗe cikinsu ba sau ɗaya ba, bai taɓa samun hanji a ciki ba sai nasu.

"Kuma da daɗi, Baba?"

"Da barkono," ya ce. Sanda ta dawo kan gwiwata.

Ɗan shuɗin nan mai kamun kifi ne ya fara dawowa. Sai mai dogayen yatsu ya fito daga cikin ciyawa, ashe bai yi nisa ba. Kirinjijiya suka zo a jere, suka zaga tafkin sau uku suna gulmata da fito, sannan suka sauka can nesa. Agwagin Turai su ne na ƙarshe, wajen azahar. Ba su sauka tsakiya ba. Suka zo ƙasa ƙasa, suka ja ƙafa a ruwa, suka tsaya gab da dutsenmu, kusan inda zan iya jifan su da hula. Su tara ne. Na ga ɗigo ɗigon gashin ƙirjinsu, na ga layin da ya ratsa idon kowace. Ɗaya ta miƙe fiffike ta sosa shi da baki, na hango wani ɗan kore a ɓoye a ciki. Wata ta tura kai ƙarƙashin fiffike ta kama barci, ido ɗaya a buɗe, kuma ni idon ke kallo.

Baba mai gadi ya fara raɗa mini sunaye, yana nuna wannan da wancan da leɓe, waɗanda ni da kaina da ban ma san suna wurin ba. Zuciyata ta farfaɗo. Na zaro littafi a hankali. Leda uku ba su hana komai ba. Jini ya shiga ta ƙasa, kitse ya bi kowane shafi har takardar ta koma kamar ta tsire. Na ɗora biro, ya zame. Na hura masa iska, na goga a tafin takalmi, na sake gwadawa. Biro ba ya rubutu a kan kitse. Na duba bayan hannuna, layi shidan nan ma ruwan tafki ya tafi da su.

"Baba, ka dai shaida da baki."

"Malam ya ce a littafi."

"Ai kai ne babba a dajin nan."

"A daji. Madubi ba na daji ba ne."

Da la'asar muka haɗu a bakin mota. Malam ya wanke kafaɗar rigarsa, amma ƙudaje ba su yarda ta wanku ba. Baba mai gadi ya gaya masa agwagin sun dawo, sun yi awa guda a gabanmu. Malam ya dube ni, irin kallon da ba na fatan a sake yi mini. Daga tudu ba a hango wannan gefen tafkin.

Aka karɓi littattafai. 'Yar dankali na da iri talatin da ɗaya, Baba mai gadi ya soke ɗaya, ta yi musu, ya mayar. Da aka zo kan nawa Malam ya ɗaga shi da yatsu biyu, ya ga rana ta cikinsa, ya miƙo mini abina. Sannan ya rataya wa 'yar dankali madubin a wuya, ya ba ta safa, ya ba ta gwangwani, ya yi mata huɗubar yadda ake goge gilashi har direba ya danna oda.

Direban ya ce jakata ba za ta shiga motarsa ba. Aka sasanta a kan in zauna bakin taga, hannuna a waje, jakar na reto a iska. Wurin da ya rage kusa da taga kuwa gefen 'yar dankali ne. Na bari muka hau kwalta, na gyara murya.

"Ranki ya daɗe."

"Yau kuma?"

"Asabar ta biyu cikin hutu, aron awa biyu kawai. Mutum goma sha bakwai ke jira. Har da dattijo."

"Ran da aka rufe makaranta zan tafi ƙauye. Ana haƙar dankali."

"Da madubin?"

"A'a, zan bar wa shirwa ta ajiye mini."

Na kawo mata maganar zumunci, na kawo ta zaman lafiyar gari, na yi alkawarin hanta. Ta ce ta ga yadda kyautar gidanmu ke ƙarewa. Da muka fara hango rufin kwanon gari na sauko ƙasa, na roƙi ko kallo ɗaya, don in sami abin da zan kwatanta wa mutanen layi in sun tare ni. Ta yi tunani, ta miƙo shi, igiyar na wuyanta ba ta cire ba. Dole na karkato kai kamar akuyar da aka ɗaure gajere, hannu ɗaya a waje da jaka, ɗaya a kan madubi. Mota na tsalle a ramuka. Na murza, na murza, har abu ya fito tar, ya cika idanuna biyu. Ƙeyar direba ce, da wani ƙuda a kai yana wanke hannu.

"Mintinka ya cika," ta ce, ta ja igiyarta.